Cigiyar Qudus a Kasuwar Singa

Alhaja Raliat, wadda mutanen Fagge suka fi sani da Iya Kadiri, ta zo Kano ne a jirgin ƙasa tana amarya, daga Ogbomosho, da akwatin ƙarfe da turmin sakwara a ɗaure cikin buhu. A wancan zamanin mai taren baƙo yakan sa riga mai guga kafin ya tafi tasha. Mijinta, marigayi Lateef, tela ne mai keken ɗinki ɗaya a bakin layin Fagge. Ɗansu na fari sunansa Quadri, bakin Hausawa ya mayar da shi Kadiri, sunan kuma ya bi uwar har yau.

Da tire ta fara, tana tallar sabulu da ashana gida gida. Daga tire ta koma tebur, daga tebur ta samu shago a Kasuwar Singa, inda take sayar da madara da taliya da sabulu a kan sari. Hausarta ta Kano ce tsantsa, sai dai in ranta ya ɓaci, nan Yarbanci ke dawowa da gudu. Ta binne miji a Kano, ta aurar da 'ya'ya a Kano, ta sauke farali daga Kano. Amma in aka tambaye ta abin da ta riƙe wanda ba ta son ya ɓata, ba shagon take ambata ba.

Yarbawa suna da abin da suke kira oriki, wato kirarin gida. Kowane yaro yana da nasa ɗan gajeren suna na kirari, kowace zuriya kuma tana da nata dogon, mai lissafa kakanni da garin da suka baro da rafin da suka sha da irin halinsu, mai kyau da marar kyau. Matan da aka auro cikin gida su ne masu riƙe shi. Raliat ta koyi na gidan su Lateef a bakin uwar mijinta, a gindin turmi, ana daka ana faɗa tana maimaitawa, in ta yi kuskure tsohuwar ta ja mata kunne. Da shi ake tashin yaro da safe, da shi ake rarrashinsa in ya yi kuka. Ta sha ba da labarin ranar da Quadri, yana ɗan ƙarami, ya ɓace mata a Kasuwar Sabon Gari. Ba ta yi gudu ba, ba ta yi kuka ba. Tsayawa ta yi a tsakiyar layin 'yan atamfa ta ɗaga murya da kirarinsa, sai ga shi ya rarrafo daga ƙarƙashin teburin wani mai yadi, bakinsa duk alawa. Takan ƙara da cewa a da yaro ba ya ɓata da nisa, domin akwai zane a kumatunsa mai faɗin garinsu, kuma da ya fara magana ake koya masa sunan ubansa da unguwarsu.

Quadri ya girma ya zama direban babbar mota, yau yana Legas gobe yana Kano. Matarsa Kaosarat haifaffiyar Sabon Gari ce, yarinya mai ladabi, ba ta gai da surukarta sai ta durƙusa har ƙasa. Tana kuma da sana'arta: gyale da takalma da jakunkuna take sayarwa ta waya. Takan jingina wayar a jikin kwalin madara a gaban shagon Iya, ta ɗaga gyale tana juya shi tana yi wa mutanen da ba a gani bayani, su kuma suna rubuto mata daga Kaduna da Abuja har da ƙasashen waje. Raliat ba ta raina wannan ba. Ta san ciniki in ta gan shi. Abin da ya dame ta shi ne, tun da yarinyar ta shigo gidan, da ƙyar za ta iya faɗin launin ƙwayar idonta, don kullum idon a ƙasa yake. In ana cin abinci waya na gefen kwano. In ana hira sai ta yi dariya a wurin da ba a yi abin dariya ba. Sau da yawa Raliat ta zaunar da ita don koya mata kirarin gidan, ita kuma ta ce, cikin ladabi, bari ta amsa saƙon nan ɗaya tukuna.

Da Kaosarat ta haifi Qudus, Raliat ta ba shi sunan kirari Ajani, sunan kakansa. Amma yaron hasken waya ya fara sani kafin fuskar mutane. Ana ba shi nono wayar na saman kansa. Da ya fara zama aka gano cewa in an kunna masa wani katun, na wata shuɗiyar giwa mai tuƙa mota tana waƙa, yakan yi shiru kamar an ɗauke shi. Sai aka ba shi tsohuwar wayar uwar ta zama tasa. Maƙwabta suka riƙa yabonsa, wai ba su taɓa ganin yaro mai haƙuri irinsa ba. Ya shekara uku bai ce Mama ba, bai ce Iya ba. In an kira sunansa ba ya waiwayowa. Raliat ta taɓa tafa hannu a bayan kunnensa don ta gwada ko kurma ne, ya ɗan firgita, ya koma kan giwarsa. Da ta yi wa Quadri maganar, ya ce ai yaran yanzu haka suke, ranar da zai buɗe baki da Turanci zai fara. Amma tun daga lokacin wani tsoro ya zauna mata a ƙirji, wanda ba ta da sunan da za ta ba shi.

Abin ya faru ne ranar Jumma'ar da ke gaban Ista, a tsakiyar bazara, lokacin da kwanon rufin Singa ke zafi har mutum ba ya iya dafa shi. Kasuwa ta cika maƙil, masu sari na gaggawar gamawa kafin salla, 'yan kasuwa Kirista kuma na rufe sito don tafiya gida hutu. Tireloli sun toshe hanya, 'yan dako na gudu da baro suna cewa a ba da hanya. Wayar Kaosarat ta mutu ana tsakiyar ciniki, sai ta miƙa hannu ba tare da ta duba ba ta zare ta hannun Qudus ta ci gaba. Raliat tana ciki tana fitar wa wani mai shago daga Gumel kwalayen taliya. Ta ji ɗan kukan yaron, ta ji ya yi shiru, ta ɗauka an mayar masa da abarsa.

Da ta fito, tabarmar da yake zama a kai babu kowa, sai takalminsa ƙafa ɗaya.

"Iya Qudus, ina yaron?"

Kaosarat ta nuna tabarmar da haɓa, idonta a kan waya. Sai da aka sake tambaya ta juyo. Gyalen da ke hannunta ya faɗi ƙasa.

Suka duba bayan kwalaye, suka duba shagunan gefe, suka leƙa ƙarƙashin tirela. Raliat ta durƙusa da tsofaffin gwiwoyinta tana duban tsakanin tayoyi, kowane taya ya fi yaron tsawo. Ta tuna da kwatar da ke bayan layin, wadda ba ta da murfi. Ta tuna da labaran masu ɗaukar yara a cikin a-daidaita-sahu, waɗanda a da take cewa surutun mata ne. Ta miƙe ta yi abin da ta sani: ta tsaya a tsakiyar layi ta ɗaga murya ta kira Ajani, ta bi da sunayen kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, da garinsu da rafinsu. Muryarta har yanzu tana da ƙarfi. 'Yan dako suka tsaya suna kallo, wasu tsofaffin Yarbawa suka fito daga shagunansu da jin abin. Babu yaron da ya rarrafo daga ko'ina.

Jama'a suka taru. Samarin da ke wurin suka ciro wayoyi, wasu na ɗaukar tsohuwar tana kira, wasu na tambayar hoton yaron don su watsa. Kaosarat na da hotunansa fiye da ƙima, ta tura musu ɗaya. Kafin a ce me, hoton ya zagaya Singa, ya haura kasuwar Kwari, har 'yan'uwa daga Legas sun fara bugowa suna kuka. Kowa aka nuna wa sai ya girgiza kai.

Raliat ta tafi ƙaramin masallacin kasuwa wajen Malam Kyari, ladani, Babarbare, wanda suka san juna tun tana da tebur. Ya ajiye butarsa ya tambaye ta sunan yaron da sunan ubansa da kayan jikinsa, kamar yadda aka saba a cigiya. Daga nan ya tambaya ko yaron zai iya faɗin sunan gidansu in wani ya tsince shi. Ta ce ba zai iya ba. Ya tambaya ko yana amsa sunansa. Ta ce ba ya amsawa. Malam Kyari ya dube ta, bai ƙara tambaya ba, ya kunna lasifika ya yi cigiya da Hausa, ya miƙa mata ta yi da Yarbanci.

A hanyar komawa ta tsaya a shagon Uchechi, 'yar ƙabilar Ibo mai sarin biskit, wadda ke zaune a kusurwar da layin shaguna ya haɗu da layin sito, ba abin da ke wucewa ba ta gani ba. Uchechi ta ce an riga an nuna mata hoton, ba ta ga yaro irin wannan ba, da ta gani da ta tuna, farin yaro mai manyan idanu kamar ɗan Larabawa.

"Wane farin yaro?" in ji Raliat.

Uchechi ta miƙo mata wayarta. Raliat ta matso da ita kusa da ido, ta nesanta. Yaron da ke ciki fari ne sol, fatarsa sumul kamar 'yar tsana, idanunsa dara-dara, kumatunsa da ja-ja, ga wasu taurari na yawo a kansa. Ta juya ta dubi Kaosarat da ke bayanta. Yarinyar ta ce, da ƙaramar murya, ai gyara ne kawai da waya ke yi, kowa na yi. Aka bincika wayar da ke hannun Kaosarat kaf, babu hoto ko ɗaya da ba a gyara ba.

Raliat ta mayar wa Uchechi wayarta, ta siffanta jikanta da baki. Baƙi ne wuluk kamar kakansa, kansa da ɗan tsawo ta baya, kunnensa na hagu ya ɗan lanƙwashe, yana tafiya a kan yatsun ƙafa, rigarsa ruwan ɗorawa, takalmi ƙafa ɗaya.

Uchechi ta dafe ƙirji. Ta ce, "Mama, wannan na gan shi. Tun ɗazu. Yana bin wani ɗan dako da waya na kiɗa a aljihunsa, suka shiga layin sito. Na ɗauka ɗansa ne."

Layin sito dogo ne, ƙofofin ƙarfe a dama da hagu, babu taga ko ɗaya. Rabinsu an riga an garƙame da kwaɗo. Wasu masu su sun tafi masallaci za su dawo, wasu kuma sai bayan Ista. Raliat ta dafa ƙofar farko ta janye hannu saboda zafi. Ta san cikin irin waɗannan ɗakunan, ta san yadda sabulu ke narkewa a cikinsu a wannan watan. Ta bi su ɗaya ɗaya tana bugawa tana kiran Qudus, tana kiran Ajani, tana kara kunne a jikin ƙarfen duk da ƙunarsa. Uwar na bin ɗaya gefen tana kira tana kuka. Ba motsi. Wani ya ce ƙila ɗan dakon ya fita da shi ta can ƙarshen layin, wani ya ce a je ofishin 'yan sanda. Jama'a suka fara juyawa. Raliat ta zauna a kan wani dutse a gindin wata ƙofa. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, yana iya kasancewa a bayan ƙofar da ta jingina da ita, yana jin muryarta sarai, amma muryar ba ta ce masa komai.

Kaosarat ce ta zo ta durƙusa a gabanta. Ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, akwai abu ɗaya da yake amsawa.

Raliat ta gane. Ta rufe ido, ta ce a yi.

Muryar wayar ba ta kai ko'ina a hayaniyar Singa. Wani saurayi ya ce a kai masallaci a sa a lasifika, Malam Kyari, wanda ya biyo su, ya ce ko giwar ta yi alwala ba za ta hau lasifikarsa ba. Shi ne kuma ya hango mai tallar maganin ɓera yana wucewa da 'yar lasifikarsa ta hannu, tana ta maimaita yadda ɓera zai mutu ya bushe ba wari. Aka tare shi, aka kashe tallar, aka kara wayar a bakin abin. Waƙar shuɗiyar giwa ta cika layin sito. Kaosarat ta ɗauka tana tafiya a hankali daga ƙofa zuwa ƙofa, jama'a na binta shiru, manyan mutane da gemu, kowa ya kasa kunne.

Wajen ƙarshen layin, a bayan wata koriyar ƙofa, aka ji ɗan bugu. Kamar tafin hannu ƙarami a jikin ƙarfe, can ƙasa. Aka kashe waƙar, bugun ya tsaya. Aka kunna, ya dawo, da wani siririn kuka a bayansa.

Siton na wani Chinedu ne mai sarin man gyaɗa, ya rufe ya tafi tashar manyan motoci ta Sabon Gari zai kama hanyar gida. Uchechi na da lambarsa. Ta same shi har ya zauna a mota, ya ce kada a jira shi, a fasa kwaɗon, ga shi nan tafe. Wani ɗan dako ya kawo ƙarfen taya. Kwaɗon ya yi gardama kafin ya ba da kai, kowane dukan ƙarfe kuma Raliat na jinsa a haƙoranta.

Da ƙofar ta buɗe, zafin da ya fito sai da ya sa na gaba suka ja da baya. Qudus na tsaye a tsakanin jarkoki, rigarsa ta jiƙe sharkaf, leɓɓansa sun bushe sun yi fari, yana layi. Raliat ta durƙusa ta buɗe hannu biyu. Uwarsa ta durƙusa a gefenta. Yaron ya fito a kan yatsun ƙafa, ya bi ta tsakaninsu ba tare da ya dubi ko ɗaya ba, ya miƙa hannu sama wajen mai maganin ɓera, wanda a lokacin shi ke riƙe da wayar.

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi hamdala. Malam Kyari ya kawar da kai. Raliat ta kamo yaron ta baya, aka ba shi ruwa kaɗan kaɗan, aka zuba masa a ka, ta kwance ɗankwalinta ta goya shi, suka tafi asibiti. Likita ya ce an yi sa'a, da ya ƙara jimawa a ciki da labarin ya canja. Ya kuma yi wa uwar tambayoyi a kan maganar yaron, ya ce su dawo a duba shi sosai, ya ce a raba shi da waya a riƙa yi masa hira.

Washegari Iya Kadiri ba ta buɗe shago ba, abin da 'yan layinsu suka ce ba su taɓa gani ba in ba ranar rasuwar Lateef ba. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta zaunar da Qudus a cinyarta yana fuskantarta. Wayoyin biyu Kaosarat da kanta ta sa su a cikin tsohon akwatin ƙarfen nan ta tura ƙarƙashin gado. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ya yi ta banƙarewa yana duban ƙofar ɗaki. Tsohuwar ta riƙe fuskarsa da tafukanta ta fara: Ajani, ɗan wane, jikan wane. Idonsa na bin ta gefen kunnenta, ta saman kanta, ko'ina ban da idonta.

Kaosarat ta fito ta zauna a bakin tabarmar. Ta daɗe tana sauraro, sannan ta ce tana so ta koya. Ta ce bari ta ɗauko waya ta naɗi muryar Mama, don kada ta manta.

"Zauna," in ji Raliat. "Da baki za ki ɗauka. Ki dube shi ki faɗa."

Yarinyar ta koma ta zauna. Raliat ta faɗi layin farko, Kaosarat ta maimaita, ta yi kuskure a sunan kakan, aka gyara mata. A cikin ɗaki, daga ƙarƙashin gado, ɗaya daga wayoyin ta yi ɗan ƙara, alamar saƙo ya shigo. Raliat ta ga kawuna biyu sun juya tare, na uwar da na ɗan, a lokaci guda. Ta ji tsoron jiya ya dawo mata sabo. Ta ƙara riƙe fuskar yaron, ta ɗaga murya ta sake daga farko.